Zinare da Haske a Yaƙi da Ciwon Daji

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji ya san wahalar magani kan kusa kai ta cutar. Maganin kemo ba ya bambance ƙwayar daji da lafiyayya. Gashi ya zube, jiki ya rame. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman makamin da zai faɗa wa ƙarin shi kaɗai.

A Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka, Farfesa Naomi Halas ta ƙera wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira nano: cikinsu silika ne, sinadarin yashi da gilashi, bayansu kuma an lulluɓe shi da zinare. Waɗanda ake yi wa mutane amfani da su faɗinsu kusan nanomita 150 ne, wato milimita guda za ta ɗauki sama da 6,000 a jere. Ita da abokiyar aikinta Jennifer West suka nuna a 2003 cewa ƙwayoyin na iya ƙona ƙari a jikin ɓeraye.

Hikimar tana cikin haske. Ɗora tafin hannunka a kan tocila cikin duhu, za ka ga yatsunka sun yi jawur, domin jan haske ya fi sauran ratsa tsoka. Infared, wanda ido ba ya gani, ya ma fi shi shiga. Sai aka daidaita kaurin zinaren yadda zai sha wannan haske ya mai da shi zafi. Ana ɗura ƙwayoyin ta jijiya, su bi jini. Hanyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa masu yoyo ne, don haka a can suke tsiyayewa su taru. Washegari likita ya soka siririyar wayar leza cikin ƙarin ya kunna. Wurin da zinare ya taru ya dahu, naman da ke gefe ya tsira.

An gwada wannan a asibitin Mount Sinai na New York ƙarƙashin Dakta Ardeshir Rastinehad, a kan masu sankarar furostet, ƙululun nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cikin maza 15 da suka kammala maganin, 13 ba a ga cutar a inda aka ƙona ba bayan shekara guda. Abin da ya fi burge ni shi ne an kauce wa kasa riƙe fitsari da raunin mazakuta, illolin da ke sa magidanta da yawa tsoron tiyata.

Amma mutum 15 ba su isa a yanke hukunci ba. Wani nazari daga Jami'ar Toronto a 2016 ya gano cewa a gwaje-gwajen dabbobi, kusan kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin nano da aka ɗura ne kawai ke isa ƙarin. Hasken ma ba ya wuce 'yan santimita, kuma sai an san inda za a haska. Cutar da ta bazu zuwa ƙashi ko hanta ta fi ƙarfin wannan dabara.

Sankarar furostet ce kan gaba a tsakanin mazan Najeriya, kuma akasari sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Magidancin da ya haura shekara 50, ko wanda fitsari ya fara yi masa gardama, ya daure ya ga likita tun yanzu.