Daga Kura Zuwa Duwatsun Azbin: Wa Ya Ce Ƙetare Dutse Aikin Turawa Ne?

 Shirinmu na yau a kan tafiyar ƙafa ne, doguwar tafiya wadda ake ƙetare manyan duwatsu ta mashigar da ke tsakanin ƙololuwa biyu. Da yawa cikinmu in sun ga hoton Bature da jaka a baya da sanda a hannu yana hawa, sai su ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Ni kuwa a ganina wannan tafiya gadonmu ce, mun sake ta ne kawai, kuma lokaci ya yi da za mu koma mata da irin tsarin da kakanninmu suka bi.

A Turai akwai wata hanya da ta kewaye dutsen Mont Blanc, mai tsawon kilomita kusan 170, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Matafiya kan yi kwana goma ko sha ɗaya a kanta, kuma ɗaya daga cikin mashiganta, Grand Col Ferret, ta kai mita 2,537 sama da teku. Abin da ya sa dubban mutane ke gama ta lafiya kowace shekara ba ƙarfin ƙwanji ba ne. An yi wa hanyar alamomi, an gina masaukai a tazarar yini guda, akwai masu jagora da suka san lokacin da hadari ke haɗuwa. A mashigar Saint Bernard da ke kusa da nan, masaukin matafiya yana buɗe tun wajen shekara ta 1050. Duk wanda ya san tarihin fatauci a ƙasar Hausa zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne zango da jagora da madugu.

Mutanen Kura sun fi kowa haƙƙin jin wannan magana. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda aka rina da baba aka buga har suka yi walƙiya, ina suke zuwa? A da, ayari ne ke ɗaukar su zuwa Damargu da Agadas, daga nan su shiga duwatsun Azbin, inda Buzaye ke naɗa su. A dawowa raƙuma su zo da kantun gishirin Bilma da dabino. Azbin kuwa ba tudu ba ne irin na Dala ko Gwauron Dutse. Ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, kuma a can sama akwai ƙauyuka da lambuna, ana noman albasa da tafarnuwa da dankali da ruwan ban-ruwa kamar yadda ake yi a Kadawa. Tun da can da ƙafa da jakuna ake hawa, ta siririyar hanya tsakanin manyan duwatsu baƙaƙe, jaki yana dafa kofato a inda na gabansa ya ɗaga nasa, mai kora yana riƙe da igiyar mangala kada kaya su rinjaya gefen rami. Ana tashi tun da asuba, a ƙetare wuri mai wuya kafin rana ta take, a sauka inda aka san akwai rijiya. Babu mai wuce madugu, kuma tafiyar mafi rauni a ayari ita ce tafiyar kowa.

Abin da ke faruwa ga wanda ya raina wannan tsari yana cikin tarihi. A watan Yulin 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya rabu da abokan tafiyarsa kusa da Ghat, ya nufi dutsen Idinen shi kaɗai, duk da gargaɗin Buzaye. Saurayi ne ɗan shekara 29, ga ilimi ga lafiya. Ya ɓace, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, sai wani Buzu da ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Wannan mutumin dai shi ne ya ratsa Azbin daga baya, ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya shigo Kano lafiya a watan Fabrairun 1851. Ƙafafun da suka kusa kai shi kabari su ne suka kawo shi Kano, bambancin kawai a karo na biyu yana cikin jama'a, a bayan waɗanda suka san hanya.

To, manomi a Bunkure zai ce: ni da nake wuni ina jan ruwa a kuyya, ina tsallake kunyar shinkafa, wace tafiya kuma za a koya mini? Gaskiyarsa, ba ya bukatar motsa jiki. Amma ya tuna daga ina ruwansa ke zuwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba ita ke haifar da ruwa ba, tara shi take yi. Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, ta dajin Falgore, kafin ya shiga Tiga ya biyo babbar magudana zuwa gonakinmu. In aka sare itatuwan waɗannan tuddai, ƙasa ce za ta zaizayo ta cike madatsar, kuma mai tumatir a Kura ne zai fara ji a jikinsa. Mutum ba ya kishin wurin da bai taɓa takawa ba. Ɗalibin da ya hau duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ya ga ƙorama tana fitowa daga tsakanin duwatsu, ba zai sake kallon ruwan magudana a matsayin abin da gwamnati ke sakowa kawai ba.

Hujja ta biyu ta masu ja da wannan tafiya ta fi nauyi, wato tsaro, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Akwai dazuzzukan da bai kamata a tura ɗan kowa ba a yau, kuma Azbin ma ta sha fama da tashin hankali. Sai dai hanyar da aka ƙaurace wa ita ce ɓata-gari ke gado. Fatake ma ba cikin aminci suka yi zamaninsu ba, shi ya sa suke tafiya da yawa, suke neman izinin sarakunan hanya, suke ɗaukar ɗan gari ya shige gaba. A fara da inda hukumomin tsaro da masu unguwanni suka tabbatar da lafiyarsa, da rana, cikin rukuni. Wanda ya ƙware yana iya nufar Gangirwal a gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, inda ma'aikatan gandun ke raka matafiya. Ya tafi da rigar sanyi ko da a bazara, domin kowace mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida, ga hazo da ke iya rufe hanya cikin ɗan lokaci.

Don haka kiranmu ga gwamnatin Kano da sarakunanmu da shugabannin makarantu shi ne a zaɓi hanya ɗaya a kudancin jihar, a yi mata alamomi, a horar da matasan ƙauyukan wurin su zama jagorori da ake biya, a tanadi zango mai ruwa. Ku kuma matasan Kumbotso da ke shirin fita hawan dutse bayan an girbe shinkafa, kada ku tafi sai da ɗan gari a gabanku, kuma ku sanar da gida ranar da za ku dawo.