Kuɗin Abincin da Ba Ka Ci Ba: Toshe Katinka Tun Yau

Jama'a, a yi hattara! In alat ya shigo wayarka cewa an cire naira dubu biyu ko uku a wani gidan abinci da ba ka san sunansa ba, kada ka ce ai ba yawa, ka mayar da waya aljihu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɓarayin bayanan kati sukan fara da ɗan abin da ba zai tayar da hankali ba, don su gwada ko katin yana aiki. In suka ji shiru, albashin wata ne zai bi baya.

Ka tuna yadda ake yi. Ka gama cin shinkafa da kaza, ka miƙa kati, mai hidima ya ce: "Ranka ya daɗe, babu sabis a nan, bari in kai ciki." Yawancinsu masu neman halak ne, amma in ka gamu da maci amana, minti ɗaya ya ishe shi ɗaukar hoton katin gaba da baya: doguwar lambar, ranar ƙarewar aikinsa, da lambobi ukun nan na baya. Akwai shagunan intanet, musamman na ƙetare, da waɗannan kaɗai sun isa a yi sayayya, ba a neman lambar sirri.

Don haka fara da toshe katin, ta manhajar bankinka, ko lambar USSD, ko ka kira lambar da ke bayan katin. Bincike ya biyo baya. Kuɗin sabon kati bai kai asarar da kake gudu ba.

Sannan ka zauna ka duba, domin ba kowane baƙon suna ne sata ba. Sunan da ke allon ƙofar gidan abinci yakan bambanta da wanda aka yi wa na'urar POS rajista da shi. Wani lokaci sunan mai wurin ne ke fitowa, ko na kamfanin da ya ba su na'urar, irin su Moniepoint ko OPay. Ranar da cirar ta bayyana a bayanan asusu ma takan iya bambanta da ranar da ka ci abincin. Gwada adadin da rasit ɗin da ke hannunka. Tambayi uwargida da yara ko wani ya yi odar abinci da katin. Duba kuma ko sau biyu aka cire, wato na'ura ta ce bai tafi ba, aka sake sakawa, alhali ya tafi. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72.

In ka tabbata ba kai ba ne, je banki a ranar. Rubuta ƙorafi, ka sa kwanan wata, lokaci, adadin kuɗi da sunan da ya fito, ka faɗa ƙarara cewa ba da izininka aka cire ba. Kada ka bar wurin sai an ba ka lambar bibiyar ƙorafi. Neman a dawo da kuɗin kati yana da wa'adi, jinkiri kuma ɓarawo yake wa amfani. In mako biyu suka wuce banki bai warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, tare da wannan lamba.

Akwai tarko na biyu, ya ma fi na farko muni. Da ka kai kukanka Facebook ko X, wani zai kira da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake, zai mayar maka da kuɗinka in ka karanto lambar da aka turo maka yanzu. Kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko OTP, wato irin wannan lambar da ake turowa waya.

Daga yau, a kawo na'ura gabanka, ka duba adadin da idonka, ka rufe da tafin hannu in za ka danna lambar sirri, ka karɓi rasit. Ka kuma duba wayar Baba da ta Inna a daren nan, domin alat ɗinsu kan yi kwanaki ba wanda ya karanta.