Bakteriya masu fitar da nikel a ƙasar ƙanƙara

Da ma'adinai masu kyau suka fara ƙaranci, nikel kuma ya ƙara daraja, sai masu haƙa suka koma kan duwatsun da a da ake rainawa. Baƙin dutsen Sotkamo a ƙasar Finlan yana cikinsu: nikel ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kai shi tanderu asara ce. Don haka kamfanin Talvivaara, wanda ya fara aiki a 2008, ya bi wata hanya. Ana niƙa dutsen, a jibge shi tsibi-tsibi, bututu na ɗiga masa ruwan asid daga sama, ana hura iska daga ƙasa. Bakteriyar da ke cikin dutsen tun asali suna cin ƙarfe da farar wuta, nikel da zinki su narke su bi ruwan, a tace su.

Masu shakka sun ce sanyi zai kashe aikin, tunda yawancin waɗannan halittu ɗumi suke so. Amma cin farar wutar da kansa zafi yake fitarwa, har cikin tsibin ya ɗau zafi sosai alhali dusar ƙanƙara ta rufe dajin da ke kewaye. A ganina, abin tsoron na gaskiya ruwa ne. A hamadar Atakama ta Cile, inda ake fitar da jan ƙarfe ta irin wannan hanya, rana na shanye rarar ruwa. A Finlan kuwa ga ruwan sama, ga narkewar ƙanƙara, ga ƙarancin rana. Abin da ya shiga da wuya ya fita. A Nuwamba 2012 tafkin ajiyar gurɓataccen ruwa ya ɓalle, ruwa mai ɗauke da nikel da yuraniyom ya kwarara cikin tafkunan yankin. A 2014 kamfanin haƙar ya karye.

Wasu za su ce sakacin shugabanni ne, ba laifin fasahar ba, kuma da gaskiyarsu, domin kamfanin gwamnati Terrafame ya karɓi wurin a 2015, ya farfaɗo da shi, har ya buɗe masana'antar sinadaran batir a 2021. Sai dai farfaɗowar ta ci kuɗin jama'a masu yawa, kuma sai da aka shimfiɗa bututun zubar da tataccen ruwa zuwa tafkin Nuwasyarbi. Duk mai lissafin arhar wannan hanya a arewacin duniya, dole ya sa kuɗin tace ruwa na shekaru masu yawa a ciki tun kafin ya jibge tsibin farko.