Amfani da Wayar Intanet Wajen Harkokin Kasuwanci da Ayyukan Ofis

Kafin shekarar 2001, lokacin da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, layukan wayar tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma akasarinsu suna manyan birane ne. A yau wayar hannu ta isa ƙauyuka da rugage, amma kuɗin kira, musamman zuwa ƙasashen waje, yana ci gaba da cin ribar ƙananan 'yan kasuwa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da ma'aikatan ƙananan hukumomi bayani a kan kira ta hanyar intanet, da amfaninsa, da kuma wuraren da ya kamata a yi hattara.

Yadda tsarin yake aiki

A wannan tsari, wanda masana ke kira VoIP a taƙaice, na'ura tana mayar da muryar mai magana zuwa bayanai irin na kwamfuta, ta rarraba su ƙanana-ƙanana, ta tura su ta intanet. Idan sun isa ɗaya ɓangaren sai a sake harhaɗa su, su koma murya. Don haka data ake ci, ba kuɗin kira ba, kuma nisan wuri ba ya ƙara farashi.

Manhajar Skype, wadda ta fito a 2003, ita ce ta fara yaɗa wannan hanya a duniya, amma kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayu na 2025. WhatsApp ya soma kiran murya a 2015, sannan a 2018 ya fito da WhatsApp Business domin 'yan kasuwa.

Tsarin ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne kira daga manhaja zuwa manhaja, inda tilas ne mai kira da wanda aka kira su kasance da data. Na biyu shi ne na ofis, inda ake karɓar lamba guda daga kamfanin sadarwa, a rarraba ta zuwa ƙananan layuka na cikin gida.

Amfaninsa

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ke hulɗa da Maraɗi, ko dillalin shanu a Maigatari da ke jiran kaya daga Jamhuriyar Nijar, zai iya daidaita farashi ba tare da biyan kuɗin kiran ƙasar waje ba. Har ila yau, WhatsApp yana ba da damar haɗa mutum har 32 a kira guda, abin da zai rage wa ƙungiyoyin manoma wahalar tafiye-tafiye domin taro.

A sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa, lamba guda za ta iya kai mai kira sashen lafiya, ko na aikin gona, ko na ayyuka. Bugu da ƙari, lambar ta ofis ce, ba ta ma'aikaci ba. Idan aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, jama'a ba za su rasa hanyar tuntuɓar ofishin ba.

Abubuwan da za a kiyaye

Na farko, kiran yana bukatar intanet mai ƙarfi, wato 3G ko 4G. Inda 2G kaɗai ake samu, murya za ta riƙa yankewa, kuma kuskuren jin lamba ɗaya a farashi yana iya jawo asara mai yawa. Don haka bayan an gama ciniki a baki, a rubuta adadin kaya da farashinsu a tura a saƙo.

Na biyu, wayoyin ofis ba sa aiki sai da lantarki. Ya kamata a tanadi batiri ko sola tun kafin a sayi kayan.

Na uku, ba a iya kiran lambar gaggawa ta 112 ta WhatsApp. Wajibi ne a bar layin waya na yau da kullum da kuɗi a cikinsa.

Na huɗu, 'yan damfara sukan kira mutum su nemi ya karanto musu lambobi 6 da aka turo masa. Duk wanda ya bayar, za su ƙwace asusunsa, su riƙa neman kuɗi daga abokan cinikinsa da sunansa. Kada a ba kowa waɗannan lambobi, kuma kafin a tura kuɗi a sabon asusun banki, a kira mai kayan ta layin da aka san shi da shi a tabbatar.

Ofisoshin da ke son kafa tsarin su tabbatar cewa kamfanin yana da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Mai ƙorafin da kamfanin layinsa ya kasa warwarewa zai iya kiran hukumar kyauta a lamba 622.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman gargaɗin da ya shafi 'yan damfara.