Ran Lebura a Bisa Dakin: Nawa Doka Ta Yi Masa Kuɗi?

A Magamar Jibiya, inda motoci ke jiran tsallakawa zuwa Maraɗi, kasuwa ce ke juya gini. Bayan rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, duk sanda hanya ta buɗe sai masu shaguna su tashi gyara: a kware tsohon kwano, a fasa dakin (rufin siminti), a ɗora bene. Masu hawa sama su yi wannan fashin leburori ne na yini, cikinsu har da 'yan ci-rani daga Nijar. Guduma a hannu, silifa a ƙafa, ba igiya a ƙugu, ba hular kwano.

Rusau ya fi gini haɗari, domin mai rusau yana tsaye ne a kan abin da yake karyawa. Da ya yanke rodin da ke riƙe da dakin, sai ƙasa ta yi kira.

To, idan ya faɗo, wa doka za ta kama?

Babbar dokar lafiyar ma'aikata a Najeriya ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. Ta ce idan saɓa mata ya jawo mutuwa ko rauni, za a ci mai wurin tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Laifuffukan da ba a yanka musu hukunci na musamman ba kuwa, tararsu ba ta wuce naira 500 ba. A 1987 kuɗi ne. Yau naira 5,000 ko buhun siminti ba ta saye. Ga wani gibin kuma: don masana'antu aka tsara ta, shi ya sa masana suka daɗe suna kukan cewa wuraren gini da rusau ba su shiga cikinta sosai ba. Ƙa'idar Gine-gine ta Ƙasa ta 2006 ma ba ta da haƙori sai a jihar da ta mayar da ita doka.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗan fi tausayi. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko magadansa. Amma leburan da aka kwaso da safe a bakin tasha aka sallama da la'asar, wane ɗan kwangila ne ya rubuta sunansa?

Kano ta ga irin wannan haɗarin a watan Yunin 2023, lokacin rusau ɗin gwamnatin Abba Kabir Yusuf. A tsohon otal ɗin Daula, ragowar gini ya rufta wa matasa masu tsintar rodi, har aka yi asarar rai. A shekarar kuma Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan filin Idi da aka rushe diyyar naira biliyan 30. Masu shaguna suna da takardu da lauyoyi, 'yan jari-bola ba su da ko ɗaya.

A Birtaniya kuwa, ƙa'idojin aiki a bisa na 2005 sun ɗora nauyin a wuyan mai aikin: ya tsara, ya kafa shinge, ya ba da kayan kariya. Tara ba ta da iyaka, kuma ana gurfanar da mutum ko da ba wanda ya faɗo. Ganin lebura a bakin rufi ba kariya ya isa hujja.

A Jihar Katsina, inda Magamar Jibiya take, cikin ƙofofin da suka rage wa iyalin mamaci akwai dokar laifuffuka, wadda ta hukunta kisa ta hanyar sakaci, sai kuma shari'ar Musulunci, wadda ta yanka diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ko dinari 1,000. Sai dai maganar ba kasafai take kai wa alƙali ba. A wurin zaman makoki ake kashe ta: ɗan kwangila ya zo da buhun shinkafa da ɗan abin sadaka, dattawa su ce kwana ne ya ƙare, uban yaro ya ce ya yafe. Idan mamacin ɗan ƙetaren iyaka ne, sau da yawa kafin danginsa su iso an riga an binne shi, wani leburan ya hau ya ƙarasa fashin.