Me ya sa hannu yake gudun wuta?

Ƴan uwa maza da mata na Dogo da ƙauyukan kewaye, kowa ya taɓa ganin wannan. Mace tana tuƙa tuwo, hannunta ya taɓa garwashi. Nan take ta fizge shi, ba ta tsaya shawara ba. Manomi yana aikin rake a fadamar Korama, ya taka ƙaya. Kafin ya ce wash, ƙafa ta riga ta tashi. To, wa ya ba hannu da ƙafa umurni?

Masu kai labari cikin jiki

Jijiyoyin jikinmu ba duka iri ɗaya ba ne. Akwai na jini. Akwai kuma na ji, farare kamar zare. Bakinsu yana cikin fata, tun daga kai har tafin ƙafa. Wasu suna jin zafi, wasu sanyi, wasu taɓi.

Abin da suka ji, suna kai shi ga laka. Laka ita ce farar igiyar nan mai taushi da ke cikin ƙashin baya. Mahauta sun san ta sarai. Jijiyoyi 31 suna fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu. Samanta kuma yana haɗe da ƙwaƙwalwa. A wasu jijiyoyi, labari yana cin mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya.

Laka ba ta jira

Idan gobara ta tashi a ƙauye, mai gari ba ya jiran izinin sarki. Yana sa a kashe wuta, sannan ya aika da labari. Haka laka take yi. Da labarin ƙuna ya iso, sai ta ba tsokar hannu umurni ta janye. Bayan haka ne labari yake isa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji zafi. Shi ya sa hannu yake tashi tun ba a ji ciwon ba.

Ashe jin zafi kariya ce. Gaskiyar Hausawa da suka ce jiki magayi.

Idan jijiyoyi suka lalace

Kuturta ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan jijiyoyi. Ba gado ba ce, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar a ƙasar Norwe a 1873.

Ƙwayar tana lalata jijiyoyin hannu, da na ƙafa, da na fuska. Daga nan labari ba ya isa laka. Mace ta ɗauki tukunya mai zafi, ta ƙone, ba ta sani ba. Manomi ya wuni da ƙaya a ƙafa. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Ta haka ake rasa yatsu. Ciwon sukari ma, idan ya daɗe, yana kashe ji a ƙafa.

Abin da ya kamata mu yi

Ku duba jikinku da na yaranku da rana. Idan kun ga tabo mai haske ko ja a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, ku gwada shi. Mutum ya rufe ido, wani ya shafa wurin da auduga. Idan bai ji ba, a tafi gidan likita na Dogo, ko babban asibitin Damagaram, ba da ɓata lokaci ba.

Kuturta tana warkewa. Ana shan magani wata 6 ko wata 12. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shi kyauta. Wanda ya soma sha ba ya sa wa kowa cutar, don haka kada a guje shi. Amma magani ba ya maido yatsan da ya tafi. Sai a je da wuri.

Wanda ji ya riga ya ragu masa, idonsa ya zama mai gadinsa. Ya sa takalmi kullum. Ya riƙe tukunya da tsumma. Kowane marece ya duba hannuwa da ƙafafu, ya wanke, ya shafa mai.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.