Gaskiya ko Jita-jita: Wai Duk Matuƙin Jirgin Sama Attajiri Ne?

Idan yaro ya ce yana son zama matuƙin jirgin sama, da wuya a samu mai cewa a'a a gidan. Kowa ya taɓa ganin mutanen nan a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja, farar riga tas, zanen ruwan zinare a kafaɗa, suna jan 'yar jaka cikin natsuwa. Kowa kuma ya ji an ce abin da suke ɗauka a wata, farfesa ba ya samunsa a shekara. A kan wannan magana ce wasu iyaye ke sayar da gona ko fili su tura ɗa makarantar tuƙi, don haka ta cancanci a zauna a tace ta.

Maganar tana da tushe, sai dai tushen yana Amurka. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar na 2023 sun nuna cewa matsakaicin albashin matuƙin kamfanin fasinja ya haura dala dubu 200 a shekara. A shekarar ce matuƙan Delta suka amince da yarjejeniyar ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu, United da American suka biyo baya da irin tasu. Waɗannan lambobin ne ke yawo a wayoyinmu. Abin da ba a cika haɗawa da su ba shi ne, a alƙaluman nan dai, sauran matuƙan haya, masu jirgin shata da na ɗaukar marasa lafiya da na feshin gona, wajen rabin wancan suke samu.

Yalwar ma ba ta daɗe da samuwa ba. A watan Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Da aka yi bincike sai Amurkawa suka ji abin da ya girgiza su: mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, albashinta kimanin dala dubu 16 ne a shekara, kuma ta kwana tana tafe a jiragen kaya daga Seattle, can gefen yamma, don ta kama aiki a gefen gabas. Majalisar dokoki ta tsaurara sharuɗɗa, daga 2013 aka ce ba mai zama ko da mataimaki a kamfanin fasinja sai yana da awa 1,500 a sama, in ban da rangwame ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Ƙofa ta ƙuntata, tsofaffi suna ta ritaya, ga ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, shi ne albashi ya tashi.

Matuƙinmu na gida kasuwarsa daban. Kyaftin ɗin da ya daɗe yana samun abin da ya fi na yawancin ma'aikata nesa ba kusa ba, wannan kam gaskiya ne. Amma galibi da naira ake biyansa, horon sana'ar kuwa da dala ake sayensa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ci bashin karatu da dala kafin nan, ya san abin da wannan ya yi wa albashinsa.

Jita-jitar da ta fi yi mini ciwo ita ce wai da zarar lasisi ya zo hannu, aiki ya samu. Nan ne iyalai ke shiga uku. Muna da makarantu na gaske: kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, akwai ta Ilorin, wasu kuma na tafiya Afirka ta Kudu ko Amurka. Yaro zai fito da lasisin tuƙin haya da awa wajen 200 a littafinsa, kusan duka a kan ƙananan jirage. Lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja kuwa awa 1,500 yake buƙata. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne ake rasa mutane. A Amurka akwai tsani: ƙananan jirage sun yi yawa, matashi zai koyar da ɗalibai, ya yi shawagin ɗaukar hoto ko duba bututun mai, a hankali awanni su taru. A wajenmu ƙananan jiragen kaɗan ne, tsanin kusan babu shi.

Dokar Najeriya ba ta hana a ɗauki mai ƙananan awanni a matsayin mataimaki ba, amma sai ya yi horo na musamman a kan irin jirgin da kamfanin ke tashi da shi. Wanda ya koyi Boeing 737 ba zai hau Embraer ko Airbus da wannan shaidar ba, kowane da horonsa, kowane da kuɗinsa, dubban daloli masu yawa. Ko dai iyaye su sake biya ba tare da tabbacin aiki ba, ko kamfani ya biya ya ɗaure yaron da yarjejeniyar shekaru, in ya tafi kafin wa'adi ya maido kuɗin. Kamfanonin inshora ma suna da ta cewa, domin su ne ke gindaya yawan awannin wanda zai zauna a kujerar. Zama a gida kuma ba kyauta ba ne: shaidar lafiya tana ƙarewa, izinin tuƙi da na'urori cikin gajimare yana ƙarewa, hannu yana sanyi. Uban da ke shirin biya, kafin ya tambayi kuɗin makaranta, ya tambaye su ɗaliban da suka yaye shekara biyu da suka wuce nawa ne ke tashi da jirgi yau. Ya kuma sa kuɗin horo na biyun nan a lissafi tun daga farko.

Sai kuma masu cewa ai aikin da ya fi daɗi shi ne tuƙa jirgin attajiri ko na babban kamfani. Akwai ƙamshin gaskiya. Jiragen kan zama sababbi, fasinja huɗu ko biyar ne, ana sauka manyan otal, wasu iyayen gidan kuma hannunsu a sake yake. Amma a wannan kam akwai kallon kitse da ake wa rogo. Matuƙin kamfanin fasinja yana karɓar jadawalinsa na wata, ya san ranar da zai kwana gida. Na attajiri jadawalinsa wayarsa ce. Ana iya kiransa da tsakar dare a ce gobe da asuba sai Dubai, a je a yi kwana shida yana jira a ɗakin otal. Ayyukan da ke da ma'aikata na musamman a kamfanin fasinja, tsara hanya, neman izinin ratsa sararin ƙasashe, odar mai da abinci, har loda jakunkuna, sau da yawa shi da mataimakinsa ke yi. Awannin da yake tashi a shekara kan kasa kai rabin na ɗan'uwansa na fasinja, don haka matashin da ke neman tara awanni zai daɗe a hanya. Ga shi abincinsa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ranar da maigida ya sayar da jirgi, ko ya sauka daga mulki, ko ya rasu, aiki ya ƙare.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne cewa a'a. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe Kano ko Maiduguri, kyaftin ɗin kamfanin fasinja yana da ƙa'ida a rubuce da ofis a bayansa, ya ce ba a tashi, magana ta ƙare. Na jirgin alfarma zai juya ne ya faɗa wa mai biyansa albashi ido da ido cewa ɗaurin auren nan ko taron siyasar nan ba za a same shi ba. Ba lallai sai an matsa masa ba. A watan Janairun 2020 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Kalifoniya da ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa, mutum tara duka suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa matuƙin ya kutsa cikin gajimare har ya kasa bambance sama da ƙasa, ta kuma ce da alama matsin da ya ɗora wa kansa na son cika wa babban abokin hulɗa alkawari ya taimaka. A ganina duk wanda ba zai iya ɓata wa babban mutum rai ba, kada ya karɓi wannan aiki ko nawa za a ba shi. A Najeriya akwai ƙarin tarko: wasu masu jiragen da aka ba izinin amfanin kai kawai suna bayar da su haya a ɓoye. A 2024 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta dakatar da izinin wasu saboda haka. Matuƙin da ya yi irin wannan jigila, lasisinsa ya sa a caca.

Wai shata aikin waɗanda suka rasa gurbi ne a manyan kamfanoni? Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Mutanen Arewa sun fi kowa sani, domin jigilar alhazai shata ce, kuma da manyan Boeing 747 kamfanin Kabo Air, daga baya Max Air, suka yi ta kai mahajjata Jidda da Madina. Masu kai ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku daga Fatakwal, a kamfanoni irin su Bristow da Caverton, suna sauka a kan dandamalin ƙarfe a tsakiyar ruwa, gwaninta ce ta daban. Aibin shata shi ne tana da kaka da rani, kuma kwangila na ƙarewa.

Ana kuma ɗauka cewa matuƙi na iya tsallakawa duk inda aka fi biya. A manyan kamfanonin Amurka ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce ke yanke komai: yaushe za ka zama kyaftin, wane jirgi za ka hau, ko za ka yi hutun ƙarshen shekara da iyalinka, da wa za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Kyaftin mai shekara 20 a bakin aiki idan ya koma wani kamfani, ƙasan layi zai koma a matsayin mataimaki. Kamfanonin yankin Larabawa irin su Emirates suna biya ba haraji, ga gida, amma babu ƙungiyar ƙwadago, kuma izinin zaman mutum a ƙasar yana ɗaure da aikinsa. Da korona ta tsayar da jirage a 2020, matuƙa da yawa sun tattara iyali sun bar Dubai. A nan gida ma a watan Agustan shekarar Air Peace da Bristow sun sallami gomman matuƙa.

Tambayar da ta fi damun matuƙin Najeriya ma ita ce ko kamfanin zai kai shi ritaya. Nigeria Airways da aka kafa a 1958 an rushe shi a 2003, kuma tsofaffin ma'aikatansa sun yi ta bin haƙƙinsu shekara da shekaru, har sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince da sakin wani kaso mai tsoka. Da yawa ba su ga ranar ba. Okada, Bellview, Chanchangi, Air Nigeria, duk sun zama tarihi. Arik da ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2017 saboda bashi. Albashi mai tsoka a kamfanin da ake bin sa wata uku bai kai matsakaici a inda ake biya ranar 25 ba.

Masu cewa aikin ba wuya, kwamfuta ce ke tuƙi, sun ga doka ta taƙaita tashi zuwa awa 100 a kwana 28, da 900 ko 1,000 a shekara gwargwadon ƙasa. Awannin da jirgi ke tafiya kaɗai ake ƙirgawa a nan, ban da zuwa da wuri, duba jirgi, jiran hazo ya washe da kwanan otal. Yawanci duk wata shida ana shigar da matuƙi na'urar kwaikwayon jirgi a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. Likita na duba shi duk shekara, idan shekaru suka ja duk wata shida, kuma matsalar zuciya ko ciwon suga na iya dakatar da mutum yana ɗan shekara 45. Shi ya sa masu hangen nesa ke sayen inshorar rasa lasisi tun suna da lafiya. Wanda Allah ya tsare kuma, ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya ta tsayar da jigilar fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65. Daga nan wasu kan koma koyarwa a na'urar kwaikwayo, wasu su nemi jirgin amfanin kai a ƙasashe irin Amurka, inda wannan iyaka ba ta hau kansa ba.